Kuɗin Ranar Lahadi

Glasgow, farkon Agusta

Zuwa ga Yaya Torquil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Marsaili da yaran. Ya ƙarfin jikin Baba? Na ce bari in rubuto da hannu, domin waya ba ta yi mana rana ba. Ran nan da muka gwada, har yau ban san wanda ya riga kashewa ba tsakanin ni da kai.

Cakin da na aiko ya dawo mini. Na same shi a ninke cikin takardar ikilisiya, da layi biyu na Dattijo Hector Beaton, sakataren majalisar dattawa: wai majalisa ta gode, amma ba za ta iya karɓar abin da aka samo a ranar Ubangiji ba. A ƙasa ga sa hannun ma'aji. Ma'ajin nan kuwa uwa ɗaya ta haife mu da shi. Sannu da ƙoƙari, Yaya.

Bari in tuna maka abin da muke magana a kai, ko ka manto shi a wurin taro. Hukuma ta ce ko dai a sake wa gidan tsofaffinmu, Gidan Betanya, rufi da wayoyin wuta da na'urar hawa bene, ko a rufe shi kafin bazara. Ikilisiya ce ta gina shi, ita ke riƙe da shi, kuma kai ka fi kowa sanin asusunta ba zai sayi ko rabin rufin ba. In an rufe, tsofaffin Harsay goma sha ɗaya za a loda su a jirgin ruwa a kai su ƙetare, inda ba mai jin harshensu, ba mai sanin 'ya'yan wane ne su. A cikinsu akwai Finlay MacAskill, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cika mako a wajen tsibirinmu ba. Ubanka ne, ubana ne.

Ni kuma Allah Ya ba ni. Na ci gasar da kowace 'yar golf take mafarki da ita, aka miƙo mini fiye da fam miliyan ɗaya. Ko takalmi ban saya ba, na zauna na rubuta abin da zai gyara gidan har ya yi ragowa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ba ni na zaɓi ranar ba. Duk duniya ranar Lahadi ake ƙare gasa. Alhamis na buga, Juma'a na buga, Asabar na buga cikin ruwan sama har safata tana tsiyaya. To ka gaya wa dattawa, tun da sun iya lissafi, su cire kashi ɗaya cikin huɗu su maido mini, su riƙe na sauran kwana ukun. Ko da shi rufin zai hau.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ban nemi kujerar gaba ba. Ban nemi a mayar da ni teburin Jibin Ubangiji da aka hana ni tun shekarar da na fara bugawa don kuɗi ba. Gado ɗaya nake nema wa tsoho ɗaya, a ɗakin da yake hango kabarin Mama ta taga.

Ka gaishe mini da Baba, in zai amsa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Dolina

*

Harsay, tsakiyar Agusta

Zuwa ga ƙanwata Dolina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Marsaili na gaishe ki, ta ce a hoton jarida kin rame. Baba yana nan yadda kika sani: ƙafa ta tafi, amma kai da baki garau suke.

Sa hannuna ne, ba zan yi miki musu ba. Har hannu ma na ɗaga a taron. Mu takwas ne da Fasto, ba wanda ya bar nasa a ƙasa.

Ki saurare ni kafin ki yaga takardar. Gida ɗaya muka tashi, inda ake fere dankalin Lahadi tun Asabar, Baba ya aske gemunsa tun Asabar, lilon yara a ɗaure shi da sarƙa har Litinin. Mutanen nan da kike yi wa ba'a, su ne suka tsaya a bakin gaɓa cikin iska don nuna ƙin yarda ranar da jirgin ruwa ya fara zuwa ran Lahadi, Baba yana kan gaba. Da fam ashirin kika aiko daga wasan Lahadi, mayar miki za a yi, ke ma ba za ki yi mamaki ba. To me zai sa a karɓi babban? Mu ce wa yara dokar tana nan daram, sai dai in cakin ya yi nauyi? Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, kuma har yau bai wuce ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta miki ba. Kirsteen mai jinya, wadda ke juya Baba a gado, ta wanke shi, ta jure wa bakinsa, ko ta yi aiki har haƙoranta su zube ba za ta ga abin da kika samu a kwana huɗu ba. Tsoho Ruairidh ya faɗa a taron, ya ce, "Duniyar da ke biyan wannan don a jefa ƙwallo a rami ta zautu. Mu ba za mu zauna a teburinta ba." Ni da nake taka injin saƙa tun safe har ƙafata ta yi tsami don yadi ɗaya, me zan ce?

Kada ki ɗauka ba a son ki. Ranar da kika ci gasar, bayan sujadar yamma, duk gidajen Harsay suka sauke labule, sai shuɗin hasken talabijin ke leƙowa ta gefe. Ni ban kalla ba. A kicin na zauna, ƙofar falo ce dai ta ƙi rufuwa. Lokacin da ƙwallon ta faɗa rami, na ji ihu daga gidan wani dattijo da ba zan kama sunansa ba. Washegari ya ce ƙafa ya buge da kujera.

Litinin da safe na je wurin Baba. Bai tambaye ni komai ba, sai maganar tumaki. Har na kai ƙofa ya ce, "Da bugu nawa ta wuce su?" Na ce da biyu. Ya ce, "Hm." Can kuma ya ce, "Ta dai san ranar da ta yi shi." Ya juya wajen taga. Gaisuwarki na isar, ya ɗaga kai, iyakarta ke nan.

Muna neman wata hanya. Mata za su yi kasuwar kek da kayan saƙa, an kuma rubuta wa 'yan tsibirinmu da ke Kanada. Ki taya mu da addu'a.

Allah Ya kiyaye ki a tafiye-tafiyenki.

Yayanki,
Torquil

*

Daga wani otal a Sifen, ƙarshen Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida gida. Ka ce wa Anti Marsaili ban rame ba, hular ce ta yi mini yawa.

Kasuwar kek. To madalla. Kek nawa ke yin rufi?

Maganar Tsoho Ruairidh gaskiya ce, kuɗin sun yi yawa, kuma ni na fi shi sani. Ranar da aka ɗora mini ƙaton kwalin cakin nan a hannu ina yaƙe wa masu hoto, gida na tuna. Na san abin da Baba ya samu a rayuwarsa duka, na san fuskar Mama in wata ya yi nisa. Amma ba ni na yanka farashin ba. Da na ce ba na so, kana tsammani Kirsteen za a kira a ba ta? Masu tallan agogo da ke ɗaukar nauyin gasar ne za su mayar aljihu. Hanya ɗaya ce kuɗin nan za su bi su isa hannun Kirsteen, ita ce kuka toshe. In an rufe gidan, ita ma aikinta ya tafi. Ka tambaye ta ko tana goyon bayan majalisa.

Tun ina 'yar mitsitsiya nake ganin dattawa biyu a tsaye a ƙofar coci, farantin baiko a tsakaninsu. Ban taɓa jin an tsayar da fam ɗaya an tambaye shi ranar da aka haife shi ba. Mazan da ke aikin mai a teku, makonni suke yi ba Lahadi ba Litinin, kuma da zakkarsu aka sayi motar Fasto. Su nasu ya halatta saboda ba a nuna su a talabijin?

Na yi shekaru ina kwana a mota, ina cin biredi da gwangwanin wake, ina buga Lahadi in tashi a tutar babu. Ba wanda ya taɓa rubuto mini layi biyu a kan hakan. Sai da na ci aka ga zunubin.

Ni ban daina addu'a ba, Yaya, ko da an ɗauka na daina. Abin da na iya ke nan a duniya, kuma na yi imani wanda Ya ba ni hannun nan bai yi kuskure ba. In na yi laifi, tsakanina da Shi ne. Amma kada a hukunta ni da gadon Baba.

Cakin yana nan, ban yaga ba. Sai na ji daga gare ka.

Dolina

*

Harsay, Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun yi rashi, mijin Kenina na bakin tafki ya rasu, jiya muka kai shi.

A hanyar maƙabarta ne abin ya faru. Kin san yadda muke yi, maza a jere biyu-biyu, a karɓi akwatin a yi 'yan taku a miƙa wa na baya. Da na miƙa nawa na koma ƙarshen layi, sai ga Dattijo Hector a gefena. Bai dube ni ba, hanya yake kallo. Ya ce, "Torquil, ka san faranti ba shi da ido." Muka ci gaba da tafiya. Ya ce, "Akwai lauyoyi a Inverness. In wani bawan Allah da ba ya son a ambaci sunansa ya aiko da taimako ta hannunsu, majalisa ba ta da dalilin tonawa. Littafi Mai Tsarki ma cewa ya yi, kada hannun hagunka ya san abin da na dama ke yi." Kafin in buɗe baki layi ya kawo mu kan akwatin kuma.

Hector ba ya magana da ka. In ya faɗi haka, ya riga ya taɓa sauran. Sharaɗin a fili yake: ba jarida, ba suna, kuma ba a gaya wa Baba.

Ban ce ya yi mini daɗi ba. Na kwana ina juyi. Amma ruwa ya fara sauka a ɗakuna biyu na sama, mun jera bokitai a baranda. Ke kika ce ba a tambayar fam ranar haihuwarsa. To ga shi sun yarda ba za su tambaya ba. Ƙofa ce, ko da ta baya ce, kuma Baba zai zauna a ɗakinsa.

Ki yi tunani da kyau kafin ki amsa. Na san ki da saurin hannu.

Yayanki,
Torquil

*

Glasgow, Satumba

Yaya Torquil,

Ya haƙuri? Ka yi wa Kenina ta'aziyya a madadina.

Na yi tunani kamar yadda ka ce. Amsata a'a ce.

Ba cinya ba, ƙafar baya. Kuɗin nan su ne dai na watan Agusta, ranar da aka same su ba ta sauya ba. In sun bi ta ofishin lauya, wanka za a yi musu a can? Ashe ba kuɗin ne ke da datti ba, sunana ne. A cire Dolina, sai su zama baiko.

Kuma Hector ya bar ayar nan ta huta. Ni ma a gaban Baba na haddace ta. Mai bayarwa aka yi wa gargaɗi kada ya busa ƙaho, ba mai karɓa aka ce ya runtse ido ya miƙa hannu ba. Da tun farko sun ce, "Dolina, ki bayar a ɓoye don kada girman kai ya kama ki," da na durƙusa na gode. Amma sun mayar mini a rubuce, da hatimi, duk tsibiri ya ji. Yanzu kuma za su karɓa a hanyar maƙabarta, su ci gaba da wa'azi a kaina ranar Lahadi, suna zaune a ƙarƙashin rufina.

Wancan ƙin da suka yi, ko da ya ƙona mini rai, na ga mutunci a cikinsa. Wannan kuwa ba shi da suna sai munafunci. Ba na neman allo a bango. Fasto ya faɗa sau ɗaya da bakinsa, ya ce daga 'yar Finlay ne, mun san yadda ta samu, mun karɓa. Ko kuma su ce ba sa so, su tsaya a kai kamar maza.

Kuma a ce in yi wa Baba ƙarya? Mutumin da ya taɓa tafiya da ƙafa har kanti don mayar da canjin da aka ba shi fiye da ƙima?

Ka huta lafiya.

Dolina

*

Harsay, ƙarshen Oktoba

Dolina,

Ina gaisuwa. Ban rubuto da wuri ba domin abin da ke bakina a lokacin bai dace da takarda ba.

Kasuwar kek ta kawo abin da zai sayi ƙofa ɗaya. 'Yan Kanada sun aiko da addu'a mai yawa.

Silin ɗakin Peigi Gillies ya rufto, Allah Ya sa tana wurin cin abinci. Ita aka fara kaiwa ƙetare. Kin tuna ta, mai ba mu alewa daga aljihun rigarta a coci. Can ta yi ta yi wa masu jinya magana da harshenmu, su kuma suka rubuta cewa hankalinta ya gushe. Sai ta daina magana, daga baya ta daina ci. Makon jiya ta dawo, a ƙasan jirgi, tsakanin motar kayan kanti da ta gas. Ni na je tarbar akwatin da 'yarta Seonag.

An samo wa Baba wuri kusa da Inverness. Sunansa ne na gaba.

Kin ce gado ɗaya kike nema wa tsoho ɗaya. Ga gadon an miƙo, kin ce sai an haɗa miki da kirari. Duk abin da kika faɗa a kan Hector gaskiya ne, ban ƙaryata ko kalma ɗaya ba. Ke kullum kina da gaskiya. Baba ma kullum yana da gaskiya. Ke ce hotonsa sak, shi ya sa ba kwa jituwa. Ni ne dai marar gaskiya, mai yawo da bokiti ina tarar ɗigon ruwa, mai sa hannu a abin da zuciyata ba ta so. Ku kuna tsaye a kan aƙida, ni nake ɗaukar akwati.

Tambaya ɗaya zan yi miki, ba sai kin ba ni amsa ba. Wa kike so ya tsira, Baba ko sunanki? In sunanki ne, ki riƙe shi da kyau, zai yi miki amfani a ƙasan jirgi.

Na gaji, Dolina. Ina son ki, amma na gaji.

Torquil

*

Glasgow, Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah Ya ji ƙan Peigi.

Na aika. Lauyan zai kira Hector cikin makon nan. Sunan mai bayarwa "wani bawan Allah".

Ban yarda ba, na dai yi. Kada ka gode mini, kada kuma ka ce na kyauta. Ka tabbata an fara da ɗakin Baba.

Dolina

*

Harsay, Disamba

Zuwa ga ƙanwata Dolina,

Gaisuwa mai yawa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Kuɗin sun iso, masu rufi sun zo sun auna. Kowa ya sani, ba wanda ya sani. Mai kanti ta miƙo mini canji ta ce, "Ka gaishe da bawan Allah in kun yi waya, ka ce ya riƙa cin abinci." Haka muka yi ta tafiya har aka sa ranar sujadar godiya.

Hector ne ya kawo shawarar Baba ya ja Zabura, tun da Baban ne babba a cikin mazauna gidan, kuma shi ya yi shekaru yana ja mana kafin ƙafa ta hana shi. Na turo kekensa har gindin mumbari. Coci ya cika har baranda. Fasto ya yi bayani a kan mai bayarwa a ɓoye, ya ce mu rera ta ɗari da uku. Kin san yadda ake yi, shi zai ja baiti, jama'a su ɗauka. Kowa ya ja numfashi yana jira.

Baba ya buɗe littafi, ya rufe. Ya ce, "Kafin mu gode, a san abin da ake gode wa."

Hector ya sunkuyo ya ce, "Finlay, ba nan ne wurin ba."

Baba ya ce, "Nan ne wurin, Hector. A hanyar maƙabarta ne ba wurin ba." Ban san wanda ya gaya masa ba, ni dai ban faɗa ba. Ya ɗaga murya, muryar nan da kika sani, ya ce, "Kuɗin 'yata Dolina ne. Ranar Lahadi ta same su. Na sani, kun sani, tumakin da ke bayan katangar nan ma sun sani. Ta aiko da sunanta kamar 'yar halak, ku kuka koya mata ta ɓoye. In za ku ci, ku ci ido buɗe. In za ku mayar, ku mayar. Amma ni ba zan ja muku waƙa a kan ƙarya ba."

Sai Seonag 'yar Peigi ta miƙe. Mace, a tsakiyar sujada, a cocinmu. Ta ce, "Da kun karɓa a Agusta, da uwata tana zaune a nan." Ta koma ta zauna.

Baba ya sake buɗe littafi, amma ba ta ɗari da uku ya ja ba, ta hamsin da ɗaya ya ja, ta neman gafara. Da farko shi kaɗai ne. Sai mata suka ɗauka, sannan sauran. Ni na kasa rerawa.

Majalisa ta zauna washegari. Biyar sun ce a riƙe, uku sun ce a mayar. Tsoho Ruairidh yana cikin ukun, kuma ban ga laifinsa ba, bai taɓa sauya baki ba. Ni ina cikin biyar ɗin, wannan karon hannuna bai yi mini nauyi ba. Hector ya ajiye aikin sakatare. Lahadin da ta biyo baya Fasto ya faɗi sunanki daga mumbari, ya faɗi yadda kika samu, ya ce majalisa ta karɓa kuma ita za ta amsa a gaban Allah. Abin da kika nema ke nan tun farko. Gidan Betanya ya tsira.

Na ruga in gaya wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Sun yi daidai da suka faɗa." Sannan ya ce in sauko masa da akwatinsa daga kan kabad.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce wurin nan na Inverness kada a soke shi. Na roƙe shi, Marsaili ta roƙe shi, Kirsteen ta yi masa faɗa kamar ɗanta. Na ce to ya dawo gidana. Ya ce mutum biyu ke ɗaga shi da na'ura, ba zai karya bayan Marsaili ba. Fasto ya zo, Baba ya karɓe shi da shayi, ya sallame shi da aya.

Ya ce in bar masa maganarki, shi zai rubuta da kansa. Ga ta nan a cikin ambulan, ban karanta ba.

Allah Ya ba mu haƙuri da iyayenmu.

Yayanki,
Torquil

*

Gidan Betanya, Harsay

Zuwa ga 'yata Dolina,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Ina lafiya daidai gwargwado.

An karɓi kuɗinki da sunanki. Tsofaffi tara za su mutu a garinsu saboda ke. Wannan alheri ne, ban raina shi ba, kuma na faɗa a gaban mutane.

Amma ni ba zan kwana a ƙarƙashin rufin nan ba. Abin da na koya muku a kan ranar Ubangiji, ban koya don ya zo mini da sauƙi ba. Ban sauya ba. Ke ma na san ba ki sauya ba, da kin ce kin sauya ma ba zan yarda ba. Ban ɗora wa sauran kayana ba, kowa da nasa. Ni nawa zan ɗauka.

Kada ki yi faɗa da Torquil, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Kada ki ce za ki ɗaukar mini mai jinya ko ki gina mini ɗaki, duk aljihu ɗaya ne.

Jirgin Alhamis zan bi. An ce jirgin ƙasa daga Glasgow yana tsayawa kusa da wurin. Ba ni da kowa a can. Kada ki aiko da komai. Ki zo da kanki, ba komai a hannunki, ki zauna mu yi musu.

Mahaifinki,
Finlay MacAskill